Silimar Palace ta Jakara: Tarihin Wani Gini a Cikin Birnin Kano

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka ce wa ɗalibi ya yi rubutu a kan tsofaffin gine-ginen Kano, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ganuwa da ƙofofinta, ko Gidan Rumfa, ko Gidan Makama, ko kuwa Babban Masallacin Juma'a. Ba laifi, waɗannan su ne manya, kuma sun ci a yi ta rubutu a kansu. Amma akwai waɗansu ƙananan wurare da jama'a suka yi ta kai da kawowa a cikinsu shekara da shekaru, aka yi jayayya a kansu, aka yi dariya da kuka a cikinsu, sa'an nan rana ɗaya aka wayi gari babu su. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne gidan silimar Palace, wanda aka buɗe a unguwar Jakara, dab da kasuwar Kurmi, a shekarar 1952, aka kuma rufe shi a 1983.

Niyyata a cikin wannan ɗan rubutu ita ce in bi diddigin wannan gida tun daga neman izinin gina shi har zuwa ranar da aka mai da shi asibiti. Ina so kuma in nuna wa mai karatu cewa tushen rigimar da aka yi a kan Palace shi ne wurin da aka gina ta. Gidajen silima sun yi shekara goma sha biyar a Kano kafin ita, mutanen birni kuwa suna fita suna kallo. Laifin Palace shi ne ta tsallako ganuwa.

Yadda Turawa Suka Raba Kano

Ba za a gane wannan magana ba sai an dubi yadda garin yake a lokacin. Turawan Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, amma ba su zauna cikin birni ba. Sun kafa barikinsu a Nasarawa, gabas da ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai baƙi suka yi ta kwararowa: akawuna da leburori da masu sana'a daga Kudu, da 'yan kasuwa daga Lebanon da Sham, waɗanda Kanawa suke kira Kwarori. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin mutanen Kudu, Kwarori kuma suka kafa kantunansu a gefen Fagge, inda sunan Kantin Kwari ya samo asali. Dokar Turawa ma har cewa ta yi a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa.

Ta haka Kano ta zama gari biyu, watau Birni da Waje. Cikin birni ikon Sarki ne da alƙalai da En'e. Ba a sayar da giya a fili, ba coci, ba gidan rawa. A Waje kuwa akwai duk waɗannan. Saboda haka ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu domin tsare gari daga mahara sai ta sami sabon aiki: ta zama iyaka tsakanin zaman mutunci da abin da mutane suka riƙa kira zaman bariki. Har yanzu in Bahaushe ya ce wane ɗan bariki ne, ai ba yabonsa yake yi ba.

Ita kuwa Jakara tana tsakiyar birni ne sosai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci kurmin da ke bakin wannan ruwa tun zamanin Barbushe, kafin zuwan Musulunci. A gefensa ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar fatake daga Agadas da Gwanja da Tarabulus. Unguwannin da ke kewaye da ita na malamai ne da attajirai da masu sana'o'in gado. Wanda ya ce zai gina gidan silima a nan, to lalle ya taɓo cibiyar gari.

Majigi da Silima

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, kuma Bahaushe ya ba kowace ƙofa sunanta. Ta farko ita ce majigi. Wannan na Gwamnati ne. Mota ce takan zo da injin wuta da na'ura, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a nuna wa jama'a yadda ake tsabtace rijiya, ko noman auduga, ko rangadin manyan ma'aikata, wani ma'aikaci yana bayani da Hausa ta lasifika. Kyauta ake yi, a fili, da yardar sarakuna, kuma yara da manya har da mata sukan fito. Da fari mutane sun ji tsoro, har waɗansu suka sa wa abin suna dodon bango, amma sannu a hankali aka saba. Fim ɗin nan na Baban Larai ta wannan hanya ya shiga ƙauyuka.

Ƙofa ta biyu ita ce silima, wadda ta 'yan kasuwa ce. Ana biyan kuɗi a shiga, abin da ake nunawa kuwa labarai ne na soyayya da faɗa da kaboyi, waɗanda aka yi domin mutanen wata duniya dabam. Gidan silima na farko da aka gina a Kano shi ne Rex, a 1937, kuma Kwarori ne suka gina shi a Waje. Yana da mashaya a ciki, sa'an nan an raba dararen mako, waɗansu na Turawa da Larabawa, waɗansu na baƙar fata. Daga baya aka sami El Duniya, ita ma a Waje. Wani masani mai suna Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya lura da yadda sunayen waɗannan gidaje suke ɗauke da ƙanshin mulki: Rex na nufin sarki da Latin, Queens sarauniya, Palace kuma fada.

Tun daga farko, ke nan, silima ta tashi cikin unguwar giya da rawa da mata masu zaman kansu, ta kuwa ɗauki warin unguwar. Malamai sun yi ta muhawara a kan hukuncin siffar mutum da take motsi tana magana alhali ba ta da rai. Iyaye kuma abin da ya fi damunsu shi ne cakuɗuwar maza da mata cikin duhu, da fitar samari daga gida tun daga almuru har tsakar dare. Amma muddin abin yana can bayan ganuwa, ana iya kau da kai. Wanda ya fita ya je, shi ya kai kansa.

Gobarar El Duniya

A 1949 wani ɗan kasuwa daga cikin Kwarori, mai harkar finafinai, ya rubuta wa Razdan na Kano yana neman takardar fili domin ya gina gidan silima a Jakara. Fili a cikin birni ba ya samuwa sai da yardar Sarki, Sarkin Kano na lokacin kuwa shi ne Alhaji Abdullahi Bayero, wanda ya hau gado a 1926. Sarki ne da aka shaida da ibada, kuma a zamaninsa ne sababbin abubuwa da yawa suka shigo gari. A 1931 En'e ta buɗe aikin ruwan famfo da lantarki, a 1944 aka kafa rediyon waya mai akwatuna a wuraren taruwar jama'a. Sarki ya yarda a yi ginin. Malamai da yawa da dattawan unguwanni ba su ji daɗi ba, kuma ba su ɓoye ba.

Ana cikin wannan gini ne babbar masifa ta auku. Ran Lahadi, 13 ga Mayu, 1951, wuta ta tashi a gidan silimar El Duniya ana tsakiyar kallo. Mutum wajen 600 ne a ciki, 331 daga cikinsu suka rasu, galibinsu samari. Gwamna ya naɗa Mai Shari'a Percy Hubbard ya bincika, binciken kuwa ya nuna cewa wutar ta faro ne daga faifan fim a ɗakin na'ura, ta bi rufi ta game gidan, mutane suka yi cincirindo a ƙofa suka kasa fita.

Ya kamata in yi ɗan bayani a kan wannan faifai, domin ɗaliban yanzu ba su san shi ba. Fim na wancan zamani ana buga shi ne a kan wani dogon zare mai sheƙi wanda aka yi da sinadarin naitiret, ɗan'uwan abin da ake haɗa albarushi da shi. Zafi kaɗan yake so ya kama. In kuwa ya kama, ruwa ba ya kashe shi da sauƙi, don shi da kansa yake samar wa wutar iskar da take ci, ga kuma hayaƙi mai guba. Fitilar na'urar kuwa zafi gare ta ƙwarai. Gidajen silima da yawa a Turai da Amurka sun ƙone ta wannan hanya, shi ya sa masu yin faifan suka bar naitiret a farkon shekarun 1950 suka koma wani sinadari marar saurin kamawa. Watau El Duniya ta ƙone ne a daidai lokacin da ake sallamar wannan haɗari daga duniya.

Wannan shi ne bayanin hukuma. A bakin jama'a kuwa wani bayani ne dabam ya bazu. Aka ce hukuncin Allah ne ya sauka a kan masu saɓo, aka ce tsinuwar bayin Allah ce ta kama gidan, har ma aka ce wai fim ɗin da ake nunawa a daren ya taɓa alfarmar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sunan gidan ma ya zama abin wa'azi, ga duniya ga ƙarshen mai binta. Ji-ta-ji-ta ta yi yawa har aka riƙa cewa waɗanda suka ɗauki gawawwakin sun haukace, fursunonin En'e da suka taimaka wajen binnewa kuma sun kasa cin abinci. Sai da Gwamnati ta sa aka yi sanarwa a rediyon waya, sau biyu a rana har kwana biyu, cikin harsuna huɗu, cewa wannan magana ba ta da tushe.

A ganina bai kamata mu da muke karatu a yau mu yi wa mutanen nan dariya ba. Garin da ya binne 'ya'yansa fiye da ɗari uku a lokaci guda dole ya nemi dalilin da ya fi faifai da fitila nauyi. Abin lura shi ne, tun daga wannan rana kalmar silima ta haɗu da kalmar wuta a zukatan Kanawa, wutar duniya da ta lahira duka. Ga shi kuma ana ɗora tubalin wani sabon gidan a tsakiyar birni.

Buɗe Palace

Duk da haka ba a fasa ba. A 1952, kimanin shekara ɗaya bayan gobarar, aka buɗe Palace, ta zama gidan silima na farko a cikin ganuwa. Ba a buɗe ta cikin lumana ba. Samari sun taru suna nuna ƙin yarda, sai da aka kirawo 'yan sanda aka kama waɗansu. Bayan an buɗe ɗin ma, an yi watanni ana jifan masu kallo da duwatsu daga waje.

Abin da ya sa jifan ya yiwu shi ne fasalin ginin. Yawancin gidajen silimar Kano na wancan zamani filin Allah ne aka kewaye da doguwar katanga. A ƙarshe ɗaya akwai babban farin bango inda hoto yake fitowa, a ɗaya ƙarshen kuma ɗakin na'ura, a tsakani sai kujeru da bencina, an raba su gwargwadon kuɗin da mutum ya biya. Rashin rufi yana da amfaninsa a garin zafi, balle ga mutanen da ba su manta da El Duniya ba. Amma yana da nasa sharaɗi. Ba a fara kallo sai duhu ya yi, da damina kuma hadari na iya tashin taro. Daɗin daɗawa, katanga tana tare ido ne kawai, ba ta tare sauti. Duk kiɗa da harbin bindiga da ihun masu kallo suna tsallakawa su faɗa cikin gidajen maƙwabta, inda matan aure suke cikin kulle, almajirai kuma suna karatun dare a bakin wuta. Wanda bai taɓa biyan ko anini ya shiga ba, shi ma silima ta iske shi har ɗaka.

Nan ne nake ganin ainihin abin da ya tayar da hankalin mutane. Da can, mai son silima sai ya fita ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai ko Ƙofar Mazugal, ya ratsa Fagge, ya san ya bar gida ya shiga wata ƙasa. Tafiyar da kanta wani shinge ce, ba kowane yaro ne zai iya yinta da dare ba. Da aka gina Palace sai shingen ya faɗi. Yaron da aka aika sayen kananzir ma yana iya tsayawa ya kalli hotunan talla a bango.

Shekara Talatin da Ɗaya

Amma gari ba baki ɗaya gare shi ba. Da kowa ya ƙi Palace, da ba ta yi wata shida ba, domin ɗan kasuwa ba ya zama inda babu ciniki. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki, masu cika ta kuwa 'ya'yan birni ne: 'yan tireda da masu ɗinki da 'yan makaranta da leburorin kasuwa da yaran attajirai.

Abin da ya riƙe su shi ne finafinan Indiya. Kwarori sun fara shigo da su cikin shekarun 1950 domin sun fi na Amurka araha, sai ga shi sun sami karɓuwar da ba a zata ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe ya ga mutane masu rawani da manyan riguna, mata masu lulluɓi da kunya, iyaye masu iko a kan auren 'ya'yansu, mai kuɗi yana zaluntar talaka, saurayi da budurwa suna son juna an hana su. Duk wannan ya san shi a gida, ko da yake ba ya jin harshen. Mother India, wanda aka yi a 1957, an yi shekaru ana maimaita shi a Kano ba a gaji ba. Masu kallo suka raɗa wa taurarin sunaye na Hausa, kamar Dharmendra da ake ce wa Sarkin Ƙarfi. Cikin shekarun 1970 kuma finafinan 'yan Sin suka shigo, yaran unguwa suka koma tsalle-tsalle da shure-shure irin na Bruce Lee.

Wani kawuna, Allah ya ji ƙansa, wanda ya tashi a wata unguwa kusa da Kurmi, ya sha ba mu labarin yadda suke yi. Ya ce ba wanda yake cewa a gida za shi silima. Sai dai a ce za a hira, ko za a gai da aboki marar lafiya. In an taso kuwa ba a bin hanya ɗaya a dawo, sai a rarrabu ta lunguna, don kada wani dattijo ya gan su a tare ya gane. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ranar da ya hangi wani babban mutum na unguwarsu, wanda ya fi kowa faɗa a kan silima, zaune a kujerun baya ya ja hula har gira. Kowa ya yi kamar bai ga kowa ba. Ina jin wannan labari ya ishe mu bayanin zaman da birni ya yi da Palace: ana zaginta da rana, ana cika ta da dare.

Mata kuwa ba su da wannan dama. Macen da aka gani a silima an gama yanke mata hukunci, saboda haka matan aure da 'yan mata na gidajen mutunci ba sa zuwa. Rabin mutanen unguwa ke nan sun sha hayaniyar gidan shekara talatin ba tare da sun taɓa ganin abin da ake yi wa ihu ba.

Rufewa

Da tafiya ta yi nisa, abubuwa suka sake. A 1972 Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi dokar mayar da waɗansu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, gidajen silima kuwa suna cikinsu. Kuɗin mai ya shigo, gari ya cika ya batse da baƙi da samari marasa aikin yi. Masu hali suka sayi talabijin suka zauna a gida, musamman bayan Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta buɗe tashar CTV a 1982. Kewayen Palace ya yi ƙaurin suna a kan shaye-shaye da 'yan daba da lalata. Kukan da dattawan Jakara suka yi a 1952 bisa zato, jikokinsu suka riƙa yin sa bisa abin da suke gani da ido.

A zaɓen 1983 Alhaji Sabo Bakin Zuwo na jam'iyyar PRP ya kayar da Rimi, wanda ya koma NPP, aka rantsar da shi Gwamnan Jihar Kano ran 1 ga Oktoba. Sabo ɗan birni ne, sunan unguwarsu ma yake ɗauke da shi, kuma tsohon ɗan NEPU ne wanda ya san abin da ke ci wa mutanen lungu tuwo a ƙwarya. Mulkinsa wata uku kacal ya yi, domin soja sun yi juyin mulki ran 31 ga Disamba. Amma cikin wannan ɗan lokaci ya rufe Palace, ya sa aka mai da ginin asibiti. Jama'a sun yi murna ƙwarai, har yau kuwa in ana lissafa ayyukansa sai an ambaci wannan.

A dubi yadda al'amarin ya juya. Sarki ne, shugaban masu riƙon al'ada, ya ba da izinin shigo da silima cikin birni. Gwamnan jam'iyyar talakawa kuma, magajin masu neman sauyi, shi ya fitar da ita, alhali talakawa ne suka fi kowa shiga. Wannan ya nuna mana cewa ba daidai ba ne a riƙa raba mutanen Kano gida biyu, a ce ga 'yan gargajiya ga 'yan zamani. Sabo bai hana kallon fim ba, bai kuma taɓa gidajen silimar da ke Waje ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da iyaka inda take a da. Zaɓen asibiti kuma hikima ce ta ɗan siyasa: wurin da aka ce yana lalata 'ya'yan mutane ya koma wurin yi musu magani, wa zai ce a'a?

Abin da Ya Biyo Baya

To, an fitar da gini, amma an fitar da fim? Ko kusa. A daidai shekarun da aka rufe Palace ne bidiyo ya fara yawaita a gidaje. Finafinan Indiyan nan da aka hana mata gani a Jakara sai ga su a tsakar ɗakunansu, su da 'ya'yansu. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka cika kasuwar Kano, da yawa daga marubutansu kuwa mata ne. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin sana'ar finafinan Hausa ta bidiyo, wadda aka raɗa wa suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990. Rawa da waƙa irin na Indiya suka zama gishirin waɗannan finafinai, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa. Kai, har masu bege da mandiri sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka zuba yabon Annabi a kai. Irin da aka shuka a Palace da 'yan'uwanta ya tsiro a inda masu jifa ba su taɓa zato ba.

Su kuma sauran gidajen silima, abin da wa'azi bai yi musu ba kasuwa ta yi musu. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sayo faifai daga waje ya yi tsada, bidiyo kuma ya janye masu kallo. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta mutuwa. Wanda ya ji an ce Wapa a Kano, 'yan canjin kuɗi ne za su faɗo masa a rai, alhali sunan gidan silima ne.

Ita kuwa tsohuwar jayayya ba ta mutu ba. A ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim da gidajen kallo na ɗan lokaci, a 2001 kuma ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi shirin gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca a kan mumbari, aka janye shirin. A lokacin kuwa babu gidan da fim bai shiga ba, ta talabijin ko ta wayar hannu. Har ila yau dai a kan fili da gini aka yi faɗan, kamar yadda aka yi a Jakara shekara sittin da huɗu kafin nan.

Kammalawa

Ba na cikin masu cewa rufe Palace ɓarna ce tsantsa. Mutanen unguwa suna da hakkin barci cikin natsuwa, kuma asibiti a tsakiyar birni ba ƙaramin alheri ba ne. Amma ina ganin akwai darasi a ciki. Mun fi ƙarfin hali wajen yaƙar abin da yake da katanga da ƙofa, wanda za a iya jifa ko a sa wa kwaɗo, fiye da zama a tattauna abin da ke jan 'ya'yanmu zuwa cikinsa. A Palace aƙalla jama'a suna kallo tare, babba yana ganin yaro, yaro yana jin kunyar babba. Da aka kore ta, kallon ya koma ɗaka, daga nan ya koma tafin hannu, inda babu mai ganin kowa.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana 'yan wannan ƙungiya, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai. Yaran da suka yi jifa a 1952 sun doshi shekara casa'in, samarin da suka yi kallon ƙarshe a 1983 sun haura sittin. A cikinsu akwai masu sayar da tikiti, da masu juya na'ura, da masu tallar gyaɗa da rake a bakin ƙofa, da matan da suka haddace waƙoƙin Indiya ta saman katanga. Mu ɗauki alƙalami da rakoda mu je Jakara da unguwannin da ke kewaye da Kurmi mu zauna da su, mu ji daga bakin wanda ya so gidan da wanda ya ƙi shi. Malamanmu na sashe kuma muna roƙo su karɓi irin wannan aiki a matsayin nazarin al'ada, daidai da nazarin bukukuwa da sana'o'in gargajiya. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a El Duniya, mu kuma ya sa mu dace, amin.